Shekarar da Shadliyya Ta Tuge Dangar Gidanta

Duk tsibirin Karkana babu mai rigimar Shadliyya, kuma ita ma ta sani. Tun tana yarinya take bin babanta cikin teku, ruwa iya gwiwa, suna kafa shingen rassan dabino wanda ke kora kifi cikin kwando idan ruwa ya janye. Da ya rasu, gonar ruwansa ita ta gada. A tsibirin nan ƙasa gishiri ce zalla, teku ake rabawa 'ya'ya.

To, bana kaka ta zo, kowa ya sabunta shingensa, nata fili wayam. Gishiri ya kashe mata dabinai, jirgin da ke kawo rassa daga Safakus kuma iska ta hana shi tasowa. Munji, ɗan baffanta da gonarsa ke jikin tata, har ya fara auna wurin da ido. Idan kaka ta wuce ba ta kafa ba, shingensa zai miƙo ciki, kuma ba fita zai yi ba.

"'Yar baffa, ki huta mana," in ji shi, yana kurɓar shayi a bakin kwalekwale. "Zan riƙa aiko miki da kan kifi."

"Ka ajiye kanka, Yaya, shi ma ba nama a ciki."

Ta koma gida ta tsaya tana kallon dangarta. Rassan dabino ne. Rumfar da mata ke zama murza kuskus, ita ma rassan dabino. Ai kuwa ta ɗauko wuƙa.

Maƙwabciyarta Gwaggo Mubaraka na tsaka da wanki sai kawai ta ga sarari.

"Ke Shadliyya, tsirara za ki bar mu?"

"Gwaggo, me kike da shi da ban taɓa gani ba? Ba ni taki dangar."

Tsohuwar ta zage ta tas, sannan ta miƙe ta kama tugewa. Sauran mata ma suka bi sahu, kafin la'asar unguwa ta zama fili ɗaya, kaji sun rasa gidan wa za su shiga. Da ruwa ya janye, mata suka shiga gonar Shadliyya a jere, zannuwa a ɗaure a ƙugu, damin rassa a ka, suna cusawa cikin laka suna ihun dariya. Munji shayinsa ya huce a hannu.

Washegari da safe Shadliyya ta jawo kwando, ya ƙi tasowa, sai da Mubaraka ta kama mata. Kifi fal, har yana tsalle yana marin fuskarta.

"Rabinsa ta gonata ya biyo," in ji Munji.

Ta zaɓi ƙarami ta cilla masa cikin kwalekwale. "Ga kuɗin hanya."

Har sanyi ya shigo babu danga a unguwar. Kowa na ganin tukunyar kowa, kuma kifi ne a ciki.