Murmushin da Na Zana wa Mahaifin Aminina

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba, domin fitar da abin da ya kamata ya zauna a ciki shi ne ya jawo mini abin da zan ba ku labari.

A shekarun baya kaɗan ni saurayi ne mai ɗan shagon cajin waya da tura finafinai a Karaye. Ga surutu, ga son a yaba mini, irin mutumin da idan aka ce masa sannu da ƙoƙari sai kansa ya fi ƙarfin hularsa. Na gama sakandare, karatu bai yiwu gaba ba, na zauna a shago. Idan babu ciniki gem nake bugawa a waya, musamman wani na faɗa da takubba da samarin garinmu suka haukace a kansa a lokacin. Ta nan na ci karo da irin katun ɗin da masoya gem suke haɗawa da kansu. Sai su ɗauki mutanen cikin gem ɗin, su ƙirƙira musu labari, su sa musu murya, su riƙa saki kashi-kashi. Na kalla har na haddace yadda ake ɗinka su, don kusan duk hanyarsu ɗaya ce. Jarumi maraya ne, bai san yadda ubansa ya mutu ba. Akwai tsoho mai farin gemu da zai koya masa faɗa, wanda da ka gan shi sai ka fara yi masa addu'a, don ba ya wuce kashi na huɗu. Mugu kuwa dole da tabo a fuska, kuma duk ɓarnar da zai yi sai ya yi murmushi tukuna. Sannan akwai amini, wanda ake ci tare a sha tare, shi ne a ƙarshe zai juya baya. Kafin ya juya sai hoto ya koma fari da baƙi, a sako ruwan sama, a waiwaya a nuna mana abin da ya faru tun suna yara. Na ce a raina, yo wannan ai ni ma zan iya, kuma da Hausa.

Na nemi manhaja na koya wa kaina, na yi ta ɓatawa ina gyarawa. Na sa wa jaruman hula, na mayar da dajin gem ɗin gonakin gyaɗa da dawa, suna faɗa da takubba suna gaisawa irin tamu. Kafin ka ce kwabo abu ya karɓu. Daga ƙauyukan Turawa da Yammedi ake zuwa shagona a tura, magidanci da furfurarsa sai ya ce wai yara ne suka aiko shi, alhali na san shi zai fara kalla. Ranar da na kashe tsohon mai farin gemu, wata gwaggota ta aiko a gaya mini ba ni da imani. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni.

Wanda yake yin muryar aminin jarumi shi ne aminina na gaskiya. Ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Rogo, tare muka yi makarantar kwana, daga baya ya kama acaba tsakanin Rogo da Karaye. Muryarsa mai kauri ce, ko daga bayan katanga ya yi sallama an san shi ne. Ni kuma ina da wata al'ada a aikina: ba na nuna wa kowa labari gaba ɗaya, don kada a fasa mini ƙwai kafin lokaci. Sai in rubuta jimloli a gutsuren takarda, wannan ba ta haɗu da waccan ba, mai murya ya karanta in naɗa, daga baya in yanka in jera yadda nake so. Aminina zai tsaya a ƙofar shago, injin babur ko hucewa bai yi ba, ya karanta jimla goma yana dariya, ya ce mini Allah ya shirye ni, ya ja babur ya tafi. Bai taɓa tambayata inda zan saka su ba, saboda ya yarda da ni.

Akwai wata magana da ya taɓa gaya mini tun muna makaranta, wata rana da yamma muna zaune a bakin dam. Ya ce yana ɗan shekara bakwai mahaifinsa fito yake yi da kwalekwale. Wata damina kogi ya kawo, suna cikin kwalekwalen su uku, shi da mahaifinsa da aminin mahaifin nasa, sai ya kife. Mahaifinsa ya cafko shi da hannu ɗaya, aminin kuma, wanda bai iya ruwa ba, ya riƙe ɗaya hannun tamau. Ruwa yana jan su duka, babu hannun yin iyo. Yana gani da idonsa mahaifinsa ya fizge hannunsa daga na amininsa, ya fito da ɗan nasa gaɓa. Hular mutumin kawai aka gani tana yawo a kan ruwa. Da mutane suka taru mahaifinsa ya ce ruwa ne ya raba su, aka ce ƙaddara, aka yi ta'aziyya. Tun daga wannan shekara, duk damina sai dattijon, wato mahaifin aminina, ya gama nome gonar marigayin kafin ya sa fartanya a tasa, har zuwa lokacin da na fara katun, kusan shekara ashirin, bai fasa ba. Aminina ya ce ko da mahaifin nasa ba su taɓa tayar da zancen ba, ni kaɗai ya gaya wa, amana ce. Na dafa ƙirji na ce da ita za a binne ni. A lokacin da katun ɗina yake tashe, aminina yana neman auren autar marigayin, wadda take goye sa'ad da abin ya faru. An kai gaisuwa, an sa rana bayan kaka.

Da na zo kashi na tara sai na maƙale. Lokacin juya bayan amini ya yi, masu kallo sun hango, suna ta tambaya me zai sa ya ci amanar jarumi. Ana buƙatar waiwayen nan na fari da baƙi, ni kuma kaina ya ƙafe. Na rubuta kala uku, duk babu gishiri. A nan Shaiɗan ya tuno mini zancen bakin dam. Na ce wa kaina ai katun ne, mutanen da takubba suke yawo, babu sunan kowa, wa zai gane? Sai na mayar da shi cewa uban amini ne ya saki hannun uban jarumi a cikin ruwa, amini kuma ya sani ya ɓoye. Da ma a nan na tsaya da sauƙi. Amma son a ce na iya ya sa na bar komai yadda yake: kwalekwale, mutum uku, yaro a hannu ɗaya, hula a kan ruwa, har da noman gonar marayu duk damina. Kuma da yake ƙa'ida ce mai sakin hannu sai ya yi murmushi, na matso da fuskarsa kusa, na zana masa murmushi, na rina masa ido ya yi ja. Mafi muni, muryar da take ba da labarin a kan hoton ta aminina ce. Wata rana na sa ya karanta cewa ya gani da idonsa, wata rana ya ambaci babansa a wata jimla daban, wata rana ya ce an saki hannu. Na yanka na haɗa, ta fito kamar shi ne ya tsaya yana ba da shaida a kan mahaifinsa.

Ba a taɓa yaba mini kamar wannan kashi ba. Kwana uku ina tafiya kamar ba na taka ƙasa. A rana ta huɗu kashin ya isa ƙauyen su aminina. Ƙanin marigayin, wato baffan yarinyar, ya gani a wayar wani a majalisa. Ya gane muryar, ya gane hular, ya gane gonar. Bayan sallar la'asar ya tare dattijon a gaban mutane ya tambaye shi ko haka aka yi. Dattijon bai yi musu ba, ya ce haka aka yi.

Washegari aminina ya zo shago. Na zaci zai shaƙe ni, kuma wallahi da ya shaƙe ni ɗin da na fi samun sauƙi. Ko daga kan babur bai sauka ba. Ya tambaye ni a hankali ko ana iya gogewa. Na goge daga wayata a gabansa, amma ni da shi duk mun san magana zarar bunu ce, abin yana cikin wayoyi ba adadi, da hannuna na tura. Ya dube ni ya ce da ma abin da yake karantawa ke nan yana dariya, sannan ya tafi. Cikin mako guda baffannin yarinyar suka mayar da kayan sa rana, suka kuma aika wa dattijon kada ya sake taka gonar ɗan'uwansu. An ce mahaifiyar yarinyar ta yi kuka ta ce ita ta yafe, babu uban da zai saki ɗansa ya riƙe wani, kuma wannan mutum shi ya ciyar da marayunta. Amma ba a hannunta aure yake ba.

Bayan kamar wata guda, wata ranar kasuwa da hantsi, ina cikin shago na ji sallama. Na ɗago na ga dattijon tsaye da sandarsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa na ce Baba sannu da zuwa. Ya amsa da sakin fuska, ya tambayi iyayena, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwan bana a wajenmu, bai rage komai a gaisuwa ba. Na ba shi benci ya zauna. Sai ya ce ya ji ana ta zancen wani hoto da na yi, shi kuwa bai gani ba, yana so in nuna masa. Na ce na goge. Ya ce ɗana, ai mai sana'a ba ya rasa aikinsa. Kunya ta sa na ciro wani memori na saka masa. Ya riƙe wayar nesa da ido irin na tsofaffi, ya kalla har ƙarshe bai motsa ba. Ya ce in maimaita, na maimaita.

Da ya gama ya miƙo mini wayar. Ya ce ruwan haka yake, hular ma haka ta yi, Allah ya ba ni basira. Ya ce abin da ya yi ya yi, shi da Ubangijinsa, kuma shekara ashirin babu ranar da fuskar amininsa ba ta zo masa ba. Abu ɗaya ne ya taso shi daga ƙauye. Yana so in gaya masa tsakanina da Allah, wa ya ce mini ya yi murmushi? Ɗansa ne ya ce ya ga yana murmushi? Na fashe da kuka, na rantse masa ɗansa bai taɓa faɗin haka ba, ni na ƙara, don a irin wannan katun haka ake yi. Ya maimaita a hankali, wai haka ake yi. Sannan ya sauke ajiyar zuciya ya ce alhamdulillahi tunda ba yaron ne ya gan shi haka ba. Ya ce tun da aka gaya masa zancen murmushin bai iya haɗa ido da ɗansa ba. Ya dogara sandarsa ya miƙe, ya sa mini albarka, ya fita. Albarkar nan ta fi mini zagi ciwo.

Ban ƙara yin kashi na goma ba. Har yau wasu suna tambayata yadda jarumi ya ƙare da amininsa, sai in ce manhajar ce ta lalace. Yarinyar an aurar da ita wani gari. Na ɗauki kawuna muka je neman gafara wajen aminina, ya ce ya yafe duniya da lahira, kuma na yarda ya yafe ɗin. Idan muka haɗu a hanyar Rogo yana tsayawa, ya miƙo hannu, ya tambayi gida da aiki, gaisuwa cikakkiya irin wadda ake yi wa baƙo. Ko ciwon kai yake yi ba zai ƙara gaya mini ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Abin da na koya shi ne, ni da nake cika baki na san ƙa'idar labari, ban san komai game da mutane ba. A katun akwai mugu akwai jarumi, kowa da fuskarsa. Mutumin da na zana da jan ido kuwa uba ne da Allah ya ba hannu biyu, ruwa ya nemi uku. Ina kira ga 'yan'uwana matasa masu haɗa katun da masu rubuta labari a waya, idan kanku ya ƙafe ku haƙura ku jira, kada ku ɗebo daga cikin amanar da aka ba ku. Canza suna ba ya ɓoye mutum a garin da kowa ya san hular kowa. Kada kuma ku sa ɗan'uwanku ya karanta abin da bai san inda za ku kai shi ba. Yabon da na samu kwana uku ya yi, da-na-sanin kuwa har gobe ina cikinsa.

Daminar da ta wuce na bi ta ƙauyensu a mota. Gonar marigayin tana bakin hanya, ciyawa ta fara cin ƙarfin gyaɗar. Na hango dattijon zaune a gindin bishiyar da take kan iyaka, fartanya a gefensa, yana kallon gonar da aka hana shi shiga. Na sunkuyar da kaina har muka wuce. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a kafin ya sa ni.