Kwana Shida Ba Modu Bai Zaga Ba

Har na yi ritaya ban manta da ranar da Sista Falmata ta ɗaga fayil ɗin Ba Modu ta dube ni ba. A farkon shekarun tamanin ne, shekarata ta biyu da zuwa Maiduguri daga Biu, ina ƙaramar nas a ɗakin maza na waɗanda aka yi wa tiyata.

Ba Modu dattijo ne, manomi daga Khaddamari, an yi masa aikin gwaiwa. A ƙa'ida, kowace safiya nas za ta bi gado-gado ta tambayi majinyaci ko ya yi bayan gida, ta rubuta. Ni kuwa daga ƙafar gado nake tsayawa in ɗaga murya: "Baba, an zaga?" Sai ya kawar da kai ya ce, "Lafiya lau." Ni kuma in rubuta ya yi.

Ran kwana na huɗu ya daina cin abinci. Ran na shida cikinsa ya yi tauri, har likita ya fara zargin hanji ne ya naɗe, ana maganar a mayar da shi ɗakin tiyata.

Sista Falmata ce shugabar ɗakin, kuma Babarbariya ce kamar Ba Modu. Ta ce da ni, "Saratu, wannan da kika rubuta, kin gani ko kin ji?" Ta ja labule, ta jawo kujera ta zauna daidai kansa, ta gaishe shi da harshensu, ta ce, "Ba Modu, wushe." Suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa da Barbarci, ina tsaye kamar an dasa ni.

Ashe tun ranar aikin bai zaga ba. Sau ɗaya ya gwada, da ya yi yunƙuri ya ji ɗinkin kamar zai ɓalle, sai ya yanke wa kansa shawara: in bai ci ba, babu abin da zai fito. Kuma ta yaya zai faɗa wa sa'ar jikarsa wannan a gaban maza cike da ɗaki? Har matarsa ta dafo masa ganyen filasko a kwalba ta ɓoye ƙarƙashin gado, Allah ya sa bai sha ba.

Likita ya sake duba shi, ya tabbatar hanjin lafiya yake, ya rubuta man farafin irin na sha. Da na kawo cokalin, Ba Modu ya riƙe hannuna.

"'Yata, wannan zai murɗa ni?"

Na ce, "A'a Baba. Filasko ne mai murɗa ciki ya koro komai da ƙarfi, shi ne muke tsoro saboda ɗinkinka. Wannan laushi kawai zai sa, ya fito ba sai ka yi nishi ba. Amma ba ya gaggawa, sai ka ba shi kwana ɗaya ko biyu."

Na tashe shi zaune ya sha, don ba a ba mutum shi a kwance, kada ya sarƙe shi. Na bi shi da ruwa kofi bayan kofi, na roƙi matarsa ta kawo kunu da miyar kuɓewa, na riƙa zagayawa da shi baranda a hankali.

Washegari shiru. Likita ya ce in an kai gobe da azahar babu labari, za a sake shawara. Da goben ta yi, da hantsi ina raba magani sai ya yafito ni. Na sunkuya, ya ce a kunnena, "'Yata, rubuta. Yau gaskiya ne." Sannan ya ce a kawo masa tuwo.

Ku da kuke fara aikin nas yanzu, maganin nan ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, yana cikin kabad ɗinmu tun ranar farko. Saura kaɗan a sake yanka dattijo saboda ban iya tambaya ba. Mutanenmu sun gwammace su ɗauki ciwo da su ɗauki kunya. Daga ranar, tambayar nan a zaune nake yin ta, da muryar da gadon kusa ba zai ji ba.