Lallen biki a asibitin Wurno

Kwana biyu da dawowar matata daga bikin ƙanwarta a Giyawa, numfashinta ya sarƙe. Na goyo ta a babur daga Dinawa zuwa asibitin Wurno, tana haki a bayana.

Wata nas ta maƙala mata ƙaramar na'ura a yatsa, mai auna iskar da ke cikin jini. Ta ce idan lambar ta kasa casa'in sai Sakkwato, ga shi ko zama matata ba ta iyawa. Lokacin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba, amma na san lambobi. Na leƙa, na ga saba'in da takwas.

Na ce, "Malama, mi aka ciki?"

Nas ta juya hannun matata, ta duba baƙin lallen da ya rufe farcen.

"Baba, dakata. Wanga lalle na iya tare ma na'ura gani."

Yatsun ƙafa ma duk lalle ne. Sai nas ta zame ɗankwalin matata, ta cire ɗan kunne, ta maƙala na'urar a kunnen. Na ƙura ido ina karantawa a hankali: tara, sannan huɗu.

Nas ta ce, "Nan za mu riƙe ta."