Tsuntsaye Kai Ƙasa

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana ɗinki a shago guda, ƙarƙashin benen da ke kallon tashar mota, kuma duk layin ba wanda ya san shi da wani suna sai Ba-Wata-Wata. Almakashinsa ne ya jawo masa sunan. Zai auna yadi sau uku, ya zana da alli, ya yi shiru kamar mai addu'a. Da ya ɗora almakashi kuwa, ƙet, ba tsayawa sai ƙarshe. A wurinsa ma'anar maganar ke nan: mutum ya gama shakkarsa tun wajen awo. Abin da ke ƙona masa rai shi ne yadda mutanen yanzu ke laƙaba ta wa kowane irin garaje.

Ran nan 'yarsa ta kawo zanen marigayiya matarsa, shuɗi mai hoton tsuntsaye, shi kaɗai ya rage. Riga take so a yi wa jikarsa.

Kwana uku zanen na shimfiɗe a kan tebur. Ya auna, ya zana, ya goge. Hannu ya ƙi.

A na huɗu ƙanensa, mai gyaran takalma a shagon gefe, ya leƙo.

"Yaya, har yanzu? Ba-Wata-Wata ya koma Sai-Gobe ke nan?"

"Je ka ji da ƙusoshinka."

"Ni da nake yanka fata kullum, balle ƙyalle."

Telan ya juya neman tabarau. Bai juyo ba ya ji ƙet. Ƙanen ya fitar da wuyan riga, zagaye tsaf, yana washe baki.

"Ka gani? Ba wata-wata!"

Telan ya ɗaga zanen. A gindinsa aka yanke wuyan. Tsuntsayen duk kai ƙasa, ƙafafu sama.

"Ka duba inda tsuntsayen suka sa gaba?"

"Haba Yaya, wa ke duba tsuntsu a riga?"

"Mai zanen takan duba."

Ƙanen ya ajiye almakashin a hankali, ya sulale.

Ba sauran yadin da za a gyara da shi. Haka ya ɗinke rigar, ɗinki ƙanana a jere kamar yadda ya saba, yana yi yana tsaki.

Da 'yarsa ta zo, ta ɗaga rigar, ta daɗe tana kallo.

"Baba, kai ka yanka wannan?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Ni na ajiye almakashi kwana uku," ya ce.

Tun daga ranar, duk wanda ya kira shi da sunan nan, ba ya amsawa.