Moton da Ya Ƙi Tashi Bayan Takaba

An yi cinikin moton mijina, wato babur ɗinsa, ba a tambaye ni ba. A zauren gidan uwarsa aka yi, ina gidana ina tankaɗe, sai daga bakin mai kawo mana ruwa na ji. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, kuma ban ga dalilin sassauta maganar ba don kawai waɗanda suka yi sun riga ni tafiya. Allah ya jiƙan su. Amma ba su kyauta ba.

Moton nan nawa ne, ni da 'ya'yana mata biyu. Ranar da malam ya raba gado an ce in ɗauki awaki, na ce moto nake so. Dattijai suka dubi juna, malam ya ce haƙƙina ne, aka shafa fatiha. To me ya rage?

Mijina ya saye shi ne a hannun wani Bafaranshe mai gyaran rijiyoyi da ya tattara kayansa bayan an ba mu ƙasarmu. Tun lokacin tsoho ne, fentinsa ya koɗe, sirdinsa ya tsage. Amma da shi muke ci. Da sassafe mijina yake hawa ya tafi garaken da ke bakin koramar Telwa, ya ɗauko tumatir da salati da karas, ya iso kasuwa tun masu jakuna ba su ɗaura kaya ba. Ni ke zama in sayar. Masu raƙuman Tabelot suna kawo albasa mai kyau, ban musa ba, amma kwanaki suke yi a hanya. Namu da raɓarsa yake zuwa. Matan ma'aikata da kukun bariki sun san inda nake zama, ba sa ko taya na wani.

Da ya rasu na shiga takaba, sai ƙanensa ya kai moton zauren gidansu ya ajiye. Ƙanen nan baduku ne, kuma a unguwarmu babu hannu irin nasa. Mutum ne da bai iya kuka ba. Da yayansa ya mutu sai ya ɗauki basilla ya zauna gaban moton, kullum yana ɗinki. Ya yi masa sabon sirdi na jar fata, ya naɗe hannuwansa da koriya, ya saƙala tuntaye gaba da baya kamar raƙumin ango. Duk wanda ya leƙa zauren sai ya ce masha Allah.

Sai dai da na fita takaba aka zo tayarwa, moto ya ƙi. In an taka sandar tayarwa da ƙafa yana juyawa, gur-gur-gur, ya yi tari ɗaya, ya yi shiru. Baduku ya taka har ƙafarsa ta kumbura. Abokansa suka tura moton a lungu har bakin masallaci suka komo da gumi. Surukata ta ce a ƙyale shi, mai shi yake nema. Da aka gaji, sai ga wani mai kamiyo, babbar motar kaya da ke zuwa Dirkou, ya ce zai ba da buhunan hatsi da awaki, ya kwashe shi ya wargaza, ya ɗebi abin da zai yi masa amfani. Mai ruwa ya ce mini gobe da hantsi zai zo ya ɗora.

Na ajiye rariya, na yafa mayafi, na ɗauki jakar ƙarafan mijina daga ƙarƙashin gado. La'asar ta yi sanyi lokacin da na yi sallama a zauren. Baduku da mai kamiyo suna kan tabarma suna shan shayi.

"Matar yaya!" in ji baduku. "Yau da jaka? Kaciya za ki yi wa wani?"

"In ka ci gaba da sayar da kayan mutane, da kai zan fara."

Mai kamiyo ya ƙyalƙyale da dariya har shayi ya sarƙe shi. Tsakanina da ƙanen miji akwai wasa, kowa ya sani, amma ranar ban zo da shi ba, kuma baduku ya gane. Ya ajiye kofi.

"Don ku na yi," ya ce. "Ƙarfe ya mutu. Yara za su ci ƙarfe? Hatsi dai za su ci."

"Hatsin ya ƙare fa, sai ka sayar da me? Ni?"

"Wa zai saye ki da wannan baki?"

Mai kamiyo ya sa baki da murya mai taushi. "Hajiya, ki yi haƙuri. Ni na san moter. Wannan injinsa ya ƙone, ko Faransa aka kai shi sai dai su yi masa addu'a."

Ban je Makka ba a lokacin, kuma duk namijin da ya kira ni Hajiya yana son wani abu a hannuna. Na ce masa ya sha shayinsa.

Ni ban shiga lakwal, wato makarantar boko, ba sai da furfura ta fito mini, a ajin manya na koyi rubutun da nake yi yanzu. Amma shekaru na yi ina tsugune gefen mijina a tsakar gida ina miƙa masa ƙarfe, ina riƙe masa kwano kada ƙananan kusoshi su ɓace cikin rairayi. Ba koya mini yake yi ba, mita yake yi, ni kuma ina da kunne. Abin da ya fi maimaitawa shi ne moto da murhu ɗaya suke: wuta, da abin ƙonawa, da iska. In ɗaya babu, sai hayaƙi da ɓacin rai.

Na fara da wuta. Na zare igiyar buji, wato ɗan ƙarfen nan mai farin wuya da ke ƙyasta wuta a cikin moter, na kwance shi. Ya fito baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf, yana warin isansi, wato fetur. Na goge shi da gefen zanena, na kankare bakinsa da tsinke, na mayar masa da igiyarsa na jingina shi jikin ƙarfen moton.

"Taka," na ce wa baduku.

"Ƙafata fa..."

"Kana da biyu."

Ya taka. A inuwar zauren na ga 'yar wuta shuɗiya tana tsalle a bakin buji, tas, tas. Lafiya lau. Na mayar da shi, aka sake takawa. Gur-gur-gur, tari, shiru. Na kwance, ya sake jiƙewa.

Sai mai. Na zare tiyon da ke saukowa daga tulun mai, na buɗe masa. Ya zubo a tafina, na shinshina, na duba ko akwai ruwa ko ƙasa. Babu. Na tuna wata rana da zanzaro ya yi gini a bututun hayaƙi ya hana mijina fita, na samo kara na zura har ƙarshe. Nan ma babu kome. A nan kam na fara shakka, don ƙarafan da ke jakar ban san aikin rabinsu ba, kuma in ciwon yana can cikin moter ne, mai kamiyo ya ci.

Na zauna a kan dugadugaina ina kallon moton. Mai yana zuwa har ya yi yawa. Wuta tana nan. Na ɗaga ido don in ce wa baduku ya matsa mini daga haske, sai na kama mai kamiyo yana satar kallon wani wuri ƙarƙashin sirdi. Da ya ga na gan shi, ya mai da idonsa cikin kofi da sauri.

Na bi inda ya kalla. Wata 'yar jakar fata ce, mafi kyau a duk aikin da aka yi wa moton. Ja da kore, da zanen taurari, ɗinkin ƙanana kamar an jera ridi. Na sha ganinta tun shigowata, na ɗauka ado ne kamar sauran. Na taɓa ta. A ɗaure take tam, tana maiƙo. Kuma daidai wurin da take, a da can akwai wani baki mai raga da mijina yake cirewa ya kakkaɓe duk ranar Juma'a.

"Wannan fa?"

Fuskar baduku ta yi haske. "Ai nan ne aikin. Rami ne buɗe, rairayi yana shiga kai tsaye. Bafaranshen da ya ƙera shi bai san garinmu ba. Na cusa auduga, na rufe da fata biyu, na shafe ɗinkin da man shanu kamar tandu. Ko guguwa ta kwana a kansa, ƙwaya ɗaya ba ta shiga."

Ban yi dariya ba, ko da yake ta zo mini har wuya. Haka muke a Agadez. Bakin salka a ɗaure, bakin tulu a rufe, kwanon tuwo da faifai, namiji ma da rawani har hanci. Duk abin da muke ƙauna sai mun toshe masa baki saboda rairayi. Shi ma abin da ya yi ke nan.

"Ƙanena," na ce, "ta nan yake numfashi."

"Ƙarfe ne ke numfashi?"

"Tambayi baƙonka. Ya san moter."

Mai kamiyo ya ce shi bai lura ba, ai duhu ne a zauren. Na ce duhun bai hana shi ganin ƙafafun da zai kwance ba.

Na miƙa hannu na ce baduku ya ba ni askarsa. Ya riƙe ta. Ya ce a hankali, ba da wasa ba, wannan ita ce ta farko da ya ɗinka, a kwanakin zaman makoki, kuma fatar daga jakar yayansa ya yanko ta. Na ce to shi ya warware da hannunsa, ɗinki ɗaya-ɗaya, kada fatar ta yage, amma yau za a warware. Sannan ya durƙusa ya fara.

Audugar ta fito a dunƙule, ta sha mai ta yi baƙi. Na zare sauran da tsinke, na hura ragar, na sake busar da buji. Na bar shi a waje na sa aka taka sau da yawa don man da ya taru ya fita, yadda na ga mijina yana yi. Sannan na ɗaura. Baduku ya ɗaga ƙafa, na ce ya matsa. Na tattare zanena na taka da kaina.

Na farko, tari. Na biyu, tari biyu da baƙin hayaƙi. Na uku na sa dukan nauyina, kuma ni ba ƙaramar mace ba ce. Zauren ya ɗauka kamar an buga bindiga. Kaji suka haye katanga, butar shayi ta kife, surukata ta fito da gudu ba ɗankwali tana salati. Da ta ji muryar moton sosai sai ta dafa bango ta fashe da kuka, don watanni ke nan ba ta ji ta ba. Na bar shi yana ruri har hayaƙin ya washe, sannan na kashe.

Mai kamiyo ya tashi yana kakkaɓe riga, ya ce yanzu kam zai ƙara awaki. Na ce ya gaida mutanen Dirkou.

Na zaci an gama. Ashe ba a gama ba. Baduku ya shafa sirdin, ya ce alhamdu lillahi, tun da ya tashi sai ya ci gaba da zama a zaure, shi zai riƙa zuwa garake in ya sami sarari daga ɗinki, ya kawo mini kaya. Surukata ta share hawaye ta ce haka ya dace, mace da moto a gari ai sai a yi da mu.

"In ka sami sarari," na ce. "Tumatir zai jira ka gama sirdin wani?"

"To wa zai hau? Ke?"

"Kai ka taɓa hawa?"

Bai taɓa ba. Turawa kawai ya iya. Ni ma ban taɓa ba, amma na san wanne ne na tafiya, wanne ne na tsayawa. Aka kira magariba, surukata ta ce a bar maganar sai gobe a tara dattijai. Na san abin da dattijai za su ce, tun ranar rabon gado na gani a fuskarsu. Na ɗauki jakata na ce sai da safe.

Da na idar da sallar asuba na buɗe akwatin mijina na ciro wandonsa, na sa, na ɗaura zane a kai. Na tashi babbar 'yata na ce ta dama wa ƙanwarta kunu. Zauren surukata ba a kulle shi. Na turo moton waje, na bi da shi lungu ban tayar ba, har na wuce gidajen ƙarshe na fita filin da ke bayan kasuwar raƙuma, inda ƙasa take da tauri kuma babu bangon da zan kara. Wasu Buzaye biyu suna hura wuta, suka bar wutar suka juyo. Na yi musu sallama, na ɗaura mayafina a ƙugu, na taka, na hau.