Tabarau a Gidan Rasuwa

Ina cikin buga wa wani malamin makaranta tambayoyin jarrabawa aka kira ni a waya. A lokacin ina aiki a wani shagon kwamfuta a Bagudo, ina buga takardun mutane daga safe har la'asar. Ƙanin mahaifina ne. Ya ce Inna ta cika, in taho yanzu, za a jira ni in ga fuskarta kafin a fita da ita. Na ce to. Na ƙarasa layin da nake kai, na sa masa alamar tambaya, sannan na kashe kwamfutar.

Rabona da Inna tun kafin ruwan damina ya cinye hanyar ƙauyenmu. Muna waya, tana cewa jiki da sauƙi. A kan kabu-kabu, muna wuce gonakin shinkafa ta wajen Kende, abu ɗaya kawai nake riƙe da shi a rai: zan ga fuskarta. Ban yi kuka ba. Na nemi kukan a ƙirjina, na tarar da wurin shiru kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya.

Da tabarau a idona na tafi, domin ba na fita rana sai da shi. Tun ina makaranta nake da ciwon ɓarin kai, aikin kwamfuta ya zo ya ƙara shi. Haske ne ke tayar min da shi. Yakan fara da ɗan ɗigo mai ƙyalli a tsakiyar ganina, sai ya yi ta faɗi, gefensa na rawa kamar haƙoran zarto, har duk abin da na kalla kai tsaye ya ɓace, gefe-gefensa kaɗai nake gani. Sai wannan ya wuce sannan ciwon kan ya sauko. Wani likitan ido a Birnin Kebbi ne ya rubuta min tabarau mai launi, ja-ja kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Bai raba ni da ciwon ba, amma ya sa yana daɗewa bai zo ba. Ranar da na fara zuwa gida da shi Inna ta karɓa ta gwada, ta dubi akuyarta ta ce, “Ashe ke kullum cikin magariba kike yawo.” Ta yi ta kirana direban tirela har na koma.

Da na isa, maza sun cika gindin bishiyar bedin da ke ƙofar gida. Na ratsa su na shiga. A bakin zaure Gwaggo ta tare ni, yayar mahaifina, wadda ke aure a tsallaken iyaka, cikin ƙasar Benin. Ita ke tsara komai duk lokacin da abu ya faru a gidanmu. Ta rungume ni, sannan ta ja baya ta dube ni.

“Mi kinka sa ga ido haka?”

“Na magani ne, Gwaggo.”

“Magani ga gidan mutuwa? Uwarki na kwance ciki, ke ko ki shigo kamar mai kaki zai buɗe buhun mutane kan iyaka? Hidda shi, ɗiyata. Mata na kallo. Gobe a ce 'yar boko ta ɓoye ido don ba ta da hawaye.”

Ba da faɗa ta faɗa ba. A wurinmu ba a karɓar gaisuwar rasuwa da ido a rufe, kuma ni take karewa daga bakin mutane. Ta sa hannu ta zare shi da kanta, ta naɗe, ta soke a ƙugunta inda take ajiye waya. Na ji tsakar gidan ta faɗo min a ido gaba ɗaya.

Ba a gama yi wa Inna wanka ba, sai aka zaunar da ni a tabarma kusa da ƙofar ɗakin Inna. Rana ta kusa tsakiya, irin ranar kaka mai kaifi. Maƙwabta sun kawo manyan tukwanen dalma an kife su a jere, kowace da ranarta a gindi. Na sunkuyar da kai, na ja mayafi. Amma duk wadda ta shigo sai ta durƙusa a gabana, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, dole in ɗago in amsa. Wata ta wuce da faranti a ka, hasken ya mare ni. Da na mayar da idona kan tabarma, ɗigon yana nan.

Na san abin da zai biyo baya, na kuma san ba ya sauri. Na zauna ina kallonsa yana girma. Wata tsohuwar ƙawar Inna tana yi min magana, bakinta ya ɓace, sai hancinta, sai na koma ina amsa wa ɗankwali da 'yan kunne. Na yi tunanin in ce wa Gwaggo a dakata min kaɗan. Na shirya maganar a raina, na ga tsawonta: sai na bayyana haske, da ɗigo, da likita, ga maza a waje cikin rana, ga kabari an riga an haƙa. Na ci gaba da amsa gaisuwa.

Aka ɗaga labule aka ce 'yarta ta shigo.

Ɗakin da duhu da ƙanshin turare da sabulu. Tsohuwar da ke yi wa matan ƙauyenmu wankan gawa tana durƙushe a wajen kai. Ta ce in matso, ta janye likkafani. Na duba. Na ga farin ƙyalle ta sama, na ga farin ƙyalle ta ƙasa, na ga yatsun tsohuwar masu lalle. A tsakiya babu komai, sai ƙyallin nan yana rawa.

Na tuna cewa in na kalli gefe, wani lokaci nakan tsinci abu da wutsiyar ido. Sai na juya fuskata wajen bango, inda Inna ke jera kwanoninta. Wani abu ya fara fitowa a gefen ganina, duhu-duhu, mai kama da kunci. Tsohuwar ta ɗauka tsoro ne ya kama ni. Ta kamo haɓata a hankali ta juyo da ni.

“Nan take, ɗiyata. Kak ki ji tsoro, uwarki ta. Dube ta da kyau.”

Na sake kawar da kai, ta sake juyo ni, wannan karon ba ta saki haɓar ba. Gwaggo ta dafa bayana tana cewa in daure. Haka suka riƙe ni su biyu, da tausayi, ina kallon wurin da ba na gani. Daga waje wani ya ɗaga murya ya ce rana na yi. Na miƙa hannu na taɓa goshinta. Sanyinsa irin na randa ne da safe. Na yi mata addu'a, aka mayar da likkafani.

Ganina ya dawo bayan maza sun sha kwana da makara. Ya dawo tsaf, har ina iya ƙirga zaren tabarma. Na ga takalmanta a bakin ƙofa, ɗaya ya hau ɗaya. Sannan ciwon kan ya sauko, na shiga bayan ɗaki na yi amai, mata suka ce baƙin ciki ne.

Da yamma Gwaggo ta miƙo min tabarau, ya ɗan lanƙwashe a hannu ɗaya. Ta ce na kyauta, na tsaya na dubi uwata ba ihu ba faɗuwa. Na karɓa na sa a jaka.

A kwanakin zaman makoki kowa da abin da ta gani. Wata ta ce Inna kamar tana murmushi. Wata ta ce ta yi haske, ta koma kamar lokacin amarcinta. Gwaggo ta ce ta rame ƙwarai, sai hanci. Ina zaune a tsakiyarsu ina gyaɗa kai.

Ranar da zan koma Bagudo na biya gidan tsohuwar mai wanka. Na same ta tana tsince shinkafa a faifai. Bayan mun gaisa na tambaye ta yadda fuskar Inna take a ranar. Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe, kamar tana neman fuskar a cikin masu yawa da suka bi ta hannunta.

“Lafiya lau take,” ta ce. “Ai kin gani.”

Ta koma kan shinkafarta. Na ɗan ƙara zama, sannan na yi mata sallama na fita neman abin hawa.