Jan Maɓalli da Muryar Kakana

Shekarun baya, lokacin da na fara ɗaukar sauti a ɗakina a Goronyo, kayan aikina ba su wuce uku ba: tsohuwar kwamfuta, ɗan akwatin da ake jona makirufo a jikinsa, da makirufo ɗaya irin na masu wa'azi, wanda ake kira dainamik. Wayarsa kuwa wani mai gyaran rediyo ne ya haɗa min ita da dalma. Duk da haka injiniya ake ce min a unguwa, ni kuma ban taɓa musawa ba.

Kakana yana cikin waɗanda aka tasa daga ƙauyensu lokacin gina dam. Shi kaɗai ya rage da ya san sunan kowace fadama da kowace rijiya da ruwa ya shanye, da inda gonar wane ta yi iyaka da ta wane. Na fi shekara ina roƙonsa ya bari in ɗauki muryarsa. Kullum sai ya ce, "Mi za ka yi da sunan abin da ruwa yac ci?"

Wata rana bayan la'asar, na dawo daga ban ruwan albasa a gajiye, sai ya aiko wai in zo da ƙarafunan nawa. Na jona komai a zaure, na maƙala abin sauraro a kunne. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ni ina magana, kai ko ka toshe kunnuwa? Wa yak koya maka wanga?"

Kunya ta kama ni, na cire na ajiye. Da ya fara, sai na ji muryar ta yi rauni. A jikin akwatin akwai wani maɓalli da aka rubuta wa 48V, ban taɓa danna shi ba. Na ce a raina, ai wuta ƙarfi ce. Na danna, ya kama ja, har na ji daɗin wayona.

Ya yi ta zuba har gab da magariba. Jefi-jefi yakan ɗaga murya ya ce, "Kana ji?" In ce, "Ina ji, Baba." Alhali hankalina na kan kwamfuta, ina fargabar kar batirinta ya mutu.

Da na kunna washegari, ba abin da ke fita sai ƙugi kamar injin ban ruwa, muryarsa ta nutse a ƙasa. Na ɗauki kayan na kai wa abokina mai situdiyo a Sakkwato. Ya kwance kan wayar, ya girgiza kai.

"Wanga makirufo ba shi bukatar wuta, wani irin makirufo, kondensa, shi aka ba ta. Da wayarka lahiya take, ko ka danna ba abin da za shi hwaru. Amma an haɗa ta a karkace, sai wutar tab bi ta cikinai. Kai ba ka saurara ba kana ɗauka?"



Na koma wurin kakana na roƙe shi mu sake. Ya ce, "Na hwaɗi, kuma ka ce kana ji." Da damina ya yarda muka gwada, amma a lokacin sunayen sun fara cakuɗe masa, sai ya tsaya tsakiyar magana yana kallon ƙasa. Bai ga wata daminar ba.

Yanzu ba na danna abin da ban sani ba, kuma in zan ɗauki muryar wani dattijo nakan nemi izininsa in bar abin sauraro a kunne ɗaya. Amma ba ƙugin ne ke damuna ba. Na dogara da na'ura, ban saurari tsohon ba, sunaye huɗu kacal na riƙe.

Sautin yana nan, nakan kunna shi in gajiya ta yi min yawa. Wurin da ya ɗaga murya ne kaɗai ake ganewa: "Kana ji?" Sai tawa muryar ta biyo baya, ba ko kunya: "Ina ji, Baba."